An tura ni IT kamfanin dakon kaya, me zan koya banda aike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Zariya, an tura ni IT, wato koyon aiki a aikace, na wata 6 a wani kamfani mai tireloli da ke dakon hatsi da taki. Waɗanda suka riga mu zuwa sun ce ba abin da ake yi sai aiken sayo abinci da jera fayil. Kai da ka bi ta nan, me ka koya, kuma ina zan sa ido?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Aike kam za a aike ka, ni ma na sha sayo wa manaja masa da miyar taushe. Amma hukumar horar da ma'aikata ta ITF ba don sayen masa ta ɓullo da shirin SIWES, wato wannan IT ɗin, a 1973 ba. Ka roƙi a bar ka kana fita wurin lodi, ko da sau biyu ne a mako, domin a can aikin yake. Ofis inuwarsa kawai ake gani.

Abu na farko da na koya, da kunya na koye shi. A sati na uku aka ce in tsaya a kan lodin taki. Tirela mai tan 30 buhu 600 take ɗauka idan buhun mai kilo 50 ne. 'Yan dako na gudu da buhu a ka, rana ta take, ni kuma ina fakewa a gindin bango ina latsa waya. Da aka ja tamfol sai mai sito ya miƙo mini webil, wato takardar rakiyar kaya, ya ce 600 ne cif, na rattaba hannu. Da motar ta isa aka sauke, sai ga 594. Direba ya rantse bai taɓa igiya ba, mai sito ya nuna sa hannuna. Ba a cire ni ba, amma wani dattijon akawu ya zaunar da ni ya nuna mini yadda yake yi: tsaye a bakin mota, kowane buhu ya wuce ya ja sanda ɗaya a takarda, na biyar ya gicciye huɗun. Tun daga ranar ban ƙara sa hannu kan abin da idona bai ƙirga ba. Webil shi ne shaida idan rigima ta tashi, don haka ka duba lambar mota, sunan direba, yawan kaya da inda za a kai, ka kuma rubuta buhun da ya yage ko ya jiƙe kafin mota ta tashi.

Hatsi yana da nasa sha'anin. Masarar da ake tarowa daga kasuwannin Giwa, Soba da Saminaka a buhu ake cinikinta, amma kamfanonin abincin kaji a kan sikeli suke karɓa. Ana auna mota da kaya, a sake auna ta bayan an sauke, bambancin shi ne nauyin da za a biya. Buhun da ake kira mai kilo 100 ba kullum yake cika 100 ba, kuma sabuwar masara da ba ta gama bushewa ba tana rage nauyi a hanya. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗora wa direba sata alhali danshi ne ya fita.

Na biyu shi ne lokaci. Mota a tsaye asara take ci: kuɗin abincin direba da yaron mota na tafiya, wani lodin kuma na wucewa. Ka lura da yadda ake faɗi-tashin nemo kayan dawowa. Tirelar da ta kai masara Legas ko Ibadan ta dawo wayam ta ƙona gas a banza, shi ya sa tun kafin ta sauke ake ta waya da 'yan kamasho a samo mata fulawa, siminti ko kayan masarufi. Ribar tafiya sau da yawa a dawowar take.

Idan kamfanin na taɓa kwantena, ka nemi sanin takardun kwastan na shigo da kaya daga waje irin su Fom M da PAAR, da kuɗin jinkiri da kamfanin jirgin ruwa ke cajin wanda ya riƙe kwantena fiye da kwanakin da aka ba shi. Tashar tsandauri ta Kaduna da ke Kakuri, inda ake sauke kwantena, wadda aka buɗe a 2018, ba ta da nisa da mu. Ka nemi a tafi da kai ko sau ɗaya. Ga kuma NITT a kan titin Basawa a nan Zariya, cibiyar da aka kafa a 1986 don koyar da fannin sufuri, amma ɗalibai da yawa sai dai su wuce ta a keke Napep.

Sai direbobi. Kada karatun boko ya sa ka raina su. Na'urar bin sawu za ta nuna maka mota ta tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, amma ba za ta gaya maka taya ce ta fashe ko barci ne ya ci ƙarfinsa ba. Idan ka kira, ka fara da gaisuwa, ka ce Baba ko Oga, ka tambayi hanya, sannan ka tambayi kaya. Wanda ka girmama shi ne zai kira ka da kansa tun daga Kwangila ya ce a shirya 'yan dako. Kuma kada ka matsa wa wanda ya kwana tuƙi ya ci gaba don manaja na huci.

Littafin nan na rubuta ayyukan IT da makaranta ta ba ka, ka riƙa cika shi kullum da yamma da abin da ya faru a zahiri, kada ka bari sai malami ya kusa zuwa duba ku. Ka tanadi rufaffen takalmi da hular rana, da biro biyu, don ɗaya ba ya kwana a wurin lodi.