Amsa ga Hajiya kan ma'aikata 17 da kowa ke jiran umarninta

(Muryar da Yaya ya turo guruf daren jiya ce, na rubuto ta saboda waɗanda ba su samu sun saurara ba.)

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Hajiya, na saurari saƙonki har sau biyu, shi ya sa na ce bari in yi murya, don rubutu ba zai ɗauke ba. Kin ce ku uku kuka fara, yanzu ma'aikata sun kai 17, amma har yau ke kaɗai ake jira. Ba a sayen komai sai an kira ki, ba a fitar da kaya sai kin ce a fitar, har saɓanin direba da mai sito ke ake kawo wa. Kika ce shin ki ɗauko manaja ne, ko ki rage mutane.

To, ni dai shawarata, kada ki ɗauka, kada ki kora tukuna. Abin da na ji a maganarki, kasuwancin ya girma ya bar tsarinsa a baya. Lokacin da kuke ku uku, kowa na ganin kowa, kin ɗaga kai kin yi magana an gama. Yanzu ba za ki iya ganin mutum 17 a lokaci ɗaya ba, amma har yanzu da wancan salon ake tafiya. Ko manaja kika kawo yau, muddin ba ki faɗa masa abin da zai yanke shi kaɗai ba, zai zama mutum na 18 ne da ke kiran wayarki.

Ki fara da aikin, ki ajiye sunayen mutane a gefe. Ki samu takarda ki rubuta duk abin da ake yi tun daga shigowar oda har kuɗi su shiga asusu. Karɓar oda, sayo kayan aiki, ajiya a sito, sarrafawa, duba inganci, lodi, kai wa kwastoma, yanka rasit, bin bashi, biyan albashi. Komai ƙanƙantarsa ki rubuta, har buɗe ƙofa da rufe ta. Sai kin gama, sannan ki sa sunan mai yin kowanne a gabansa. Zan iya ce miki abu biyu za ki gani. Wani aikin mutum uku ke yinsa, wani kuma babu mai shi, ke ce kike tsintarsa duk ranar da ya faɗi. Bin bashi yawanci a nan yake faɗawa, kowa na zaton wani na yi.

Rabon aiki tsohon ilimi ne. Tun 1776 masanin tattalin arziki Adam Smith ya ba da misalin masana'antar fil, inda mutum 10 da suka raba aikin tsakaninsu, wannan na jan waya, wannan na yankawa, wancan na fiƙe tsini, suke fitar da fil wajen 48,000 a rana, alhali da kowa zai yi nasa daga farko har ƙarshe da ƙyar ya yi 20. Sai dai raba aiki rabin magana ne. Duk abin da kika raba, sai kin san yadda za ki sake haɗa shi, in ba haka ba kowa zai gama nasa, kayan kuma ba su fita ba.

Nan ne maganar wa ke ƙarƙashin wa ta shigo, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki sosai. Akwai wani Bafaranshe, Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ne da ya shugabanci babban kamfanin haƙar kwal da ƙarfe na shekara 30. A 1916 ya fitar da ƙa'idoji 14 na gudanarwa, kuma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce: kowane ma'aikaci ya karɓi umarni daga mutum ɗaya. Na ga abin da rashin wannan ke yi da idona. A wani wuri da na yi aiki, mai sito yana da iyayen gida biyu. Shugaban sayarwa zai leƙo da safe ya ce fitar da katan ɗin nan yanzu, mota na jira. Akanta kuma ya riga ya ce masa kada ko katan ɗaya ya fita sai da takarda mai sa hannunsa. Wata rana na iske bawan Allah nan tsaye a bakin sito, makulli a hannu, direba na danna masa hon, shi kuma yana ta kiran akanta ba ya ɗagawa. Gumi har ya jiƙa masa riga. In ya buɗe ya yi laifi, in bai buɗe ba ya yi laifi. Ƙarshe dai ya buɗe, aka yanke masa albashi a wannan watan, bayan wata biyu ya ajiye aiki. Mutum ne mai amana wallahi, har yau abin na damuna, domin mu da muka tsara wurin ne muka jefa shi tsakanin wuta biyu.

Don haka ki tambayi kowane ɗaya cikin mutanenki, shi kaɗai, ki ce: in ka rasa yadda za ka yi, wa kake tambaya? In duk su 17 suka ce ke, kin ga inda ciwon yake. In wani ya ambaci mutum biyu, wannan ma ciwo ne.

Sannan mutum nawa ne shugaba ɗaya zai iya riƙewa? Wani mai suna Graicunas ya yi lissafin wannan a 1933. Ya nuna ba alaƙarki da kowane mutum kaɗai kike kula da ita ba, har da alaƙarsu da juna, da ta rukuni-rukuni. In mutum 4 ne a ƙarƙashinki, alaƙoƙin da ka iya tasowa 44 ne. In suka zama 5, sun koma 100. In 6 ne, 222. Mutum ɗaya kika ƙara, nauyin ya ninka. Ba na cewa ki riƙe lissafin nan kamar doka, don ya danganta da irin aikin. Wanda ke kula da masu aiki iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, kullum abu guda, zai iya riƙe mutum da yawa. Mai kula da ayyuka mabambanta ba zai iya ba. Ke kuwa saye daban, sarrafawa daban, kuɗi daban, kuma duk a kanki. A girman da kike yanzu, mutum uku ko huɗu ne ya kamata su riƙa zuwa wurinki kai tsaye: mai kula da sarrafa kaya, mai kula da sayarwa da kaiwa, mai kula da kuɗi, wataƙila da mai saye da sito. Sauran su bi ta hannunsu. Kuma ki duba cikin mutanenki da farko, sau da yawa akwai wanda tuni abokan aikinsa ke tambayarsa in ba kya nan. Wannan ya riga ya zama shugaba, suna ne kawai ba ki ba shi ba.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, kuma Hajiya ki yi haƙuri in faɗa miki gaskiya, mu masu kafa abu da hannunmu mun fi kowa faɗawa nan. Muna ba da nauyi, mu riƙe iko. Za ki ce wa mutum kai ne shugaban sayarwa, amma ba zai iya yi wa kwastoma ragi ba, ba zai iya ba yaronsa hutun yini ɗaya ba, ba zai iya sauya hanyar mota ba sai ya kira ki. In ciniki ya faɗi kuma shi za a tuhuma. An ɗaure masa hannu an ce ya yi dambe. Nauyi da iko tare suke tafiya, gwargwadon wannan gwargwadon wancan. Ki zauna da kowane shugaban sashe ki raba masa abubuwa uku a rubuce: abin da zai yanke ba sai ya faɗa miki ba, abin da zai yanke ya sanar da ke daga baya, da abin da ba zai taɓa ba sai kin amince. Ki sa iyakar kuɗin da zai iya kashewa da sa hannunsa. Ranar da yaronsa ya tsallake shi ya zo wurinki, kuma za su zo, ki saurare shi da mutunci ki ce je ka wurin shugabanka. In kika yanke hukuncin a ranar, kin rushe ginin da hannunki, don gobe kowa ya san gajeriyar hanya. Ban da ƙorafin zalunci ko cin amana fa, wannan ƙofarki a buɗe take.

Za su yi kuskure, ba shakka. Wani zai yi ragin da ke ba za ki yi ba. Ki gyara masa ku biyu, ki bar ikon a hannunsa. Abu ɗaya ne ba na so ki haɗa wa mutum ɗaya ko da ɗan cikinki ne: mai karɓar kuɗi, da mai rubuta su a littafi, da mai duba littafin. Raba su kariya ce gare shi kafin ma ta zama kariya gare ki.

Wani a guruf ɗin nan ya tambayi nau'o'in tsari, bari in taɓa. Wanda na zayyana wa Hajiya shi ne rabo bisa aiki, kuma shi ya dace da mai kaya iri ɗaya ko biyu. In kaya suka yawaita ko rassa suka bazu, sai ya fara gazawa. Haka ta faru da DuPont a Amurka. Asalinsa kamfanin abubuwan fashewa ne, daga baya ya shiga fenti da rini da sauransu, amma sashen sayarwa ɗaya ne ke ɗauke da komai. Suka tafka asara, sai a 1921 suka raba kamfanin bisa kaya, kowane reshe da shugabansa da lissafin ribarsa. Kamfanin motoci na General Motors ma haka shugabansa Alfred Sloan ya tafiyar da shi, Chevrolet daban, Buick daban, Cadillac daban, hedikwata na riƙe da kuɗi da manufa. Daga nazarin irin waɗannan kamfanoni ne masanin tarihi Alfred Chandler ya nuna a 1962 cewa inda kamfani ya dosa shi ke haifar da tsarinsa. Akwai kuma wanda ake saƙa biyun tare, mutum na da shugaban sashe da shugaban aiki na musamman a lokaci ɗaya. Manyan kamfanoni na yin sa, amma yana cin taro da sulhu ba kaɗan ba. Hajiya, wannan ba naki ba ne yanzu.

Sai kuma wani abu da na kusa mantawa. Kada tsarin ya zama katanga. In mai lodi na buƙatar abu wurin mai sito, ba sai magana ta hau wurin shugabansa, ta zo wurinki, ta sauko ta ɗaya gefen ba. Fayol ɗin nan da kansa ya ce a yi gada, su yi magana kai tsaye, matuƙar shugabanninsu sun yarda kuma ana sanar da su. Taron minti 20 sau ɗaya a mako da shugabannin sassan nan zai ɗauke miki kira masu yawa.

Don haka a makon nan, ki ajiye ɗan littafi kusa da wayarki. Duk kiran aiki da ya shigo, ki rubuta wa ya kira da abin da ya tambaya. Bayan kwana bakwai ki haɗa shi da waccan takardar jerin ayyuka, ki turo min ta gefe, ba sai da sunaye ba. In sha Allahu mu zauna mu ga waɗanne kira ne ya kamata su daina zuwa wurinki, da wanda za a miƙa wa kowanne. Allah ya ƙara buɗi. Wassalamu alaikum.