Ga sabuwar malamar da ke fargabar ranar farko

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce mako mai zuwa za ki fara koyar da yara biyu darasi a gida, kuma abin da ke hana ki barci shi ne kada su tambaye ki abin da ba ki sani ba. Allah ya sa ki fara a sa'a. Shekarata tara ina wannan aiki, lissafi na fi koyarwa, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Wannan fargabar taki mai sauƙin magani ce. In tambaya ta shige miki duhu, ki ce ba ki sani ba, za ki duba ki zo da amsa a zama na gaba, sannan ki cika alkawari. Ban taɓa ganin yaron da ya raina ni saboda haka ba. Abin da ni nake tsoro har gobe shi ne yaro ya ce mini "na gane".

A watannina na farko akwai wata yarinya 'yar shekara 11 da nake koya wa. In cika takarda da bayani, ita kuma tana ta gyaɗa kai. Duk sanda na ce "kin gane?" sai ta ce eh. Mako uku muna a haka, ina komawa gida da farin ciki. Ranar da na miƙa mata biro na ce ta haɗa 1/2 da 1/3, ko ɗar ba ta yi ba ta rubuta 2/5. Na sama ta tara da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Har na buɗe baki zan gyara, sai na haɗiye maganar. Na yanko takarda biyu masu tsawo ɗaya, na ce ta raba ta farko gida biyu ta shafe ɗaya da fensir, ta raba ta biyun gida biyar ta shafe biyu. Ta jera su, ta daɗe tana kallo, tana cizon murfin biro. Can ta ɗago ta ce, "Malama, ya za a yi in ƙara wa rabi wani abu kuma ya ragu?" Daga wannan tambayar muka fara karatu na gaskiya. Mako ukun baya ni kaɗai nake ta karatuna, ita tana kallo.

Tun daga nan biro a hannun ɗalibi yake zama, ba a nawa ba. Kuma in ya yi kuskure ba na gaggawar gogewa, sai in ce ya nuna mini yadda aka yi ya iso nan. Kusan kowane kuskure akwai wata ƙa'ida da yaron ya ƙirƙira a kansa, in ba ki tono ta ba gobe ma za ta dawo.

Sai yin shiru, wanda ya fi komai ba ni wuya. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin malamai a azuzuwan kimiyya, ta kuma bayyana a 1972 cewa malami kan jira kusan sakan ɗaya ne kawai bayan ya yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara. Ki gwada ƙirgawa a zuci. Za ki ji shirun ya yi miki nauyi, amma a lokacin ne yaron yake tunani.

Kada kuma ranki ya ɓaci in kin dawo kin tarar sun manta na makon jiya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna, da gwajin da ya yi a kan kansa, cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bita tana rage ta. Shi ya sa minti biyar na farkon kowane zama littafi a rufe yake, su ne za su faɗa mini abin da muka yi.

Bara na shiga ajin koyon wani sabon harshe. Malamin ya zuba bayani, ya juyo ya ce ko na gane, na ji bakina ya ce eh alhali ban kama komai ba. Kunya ce kawai, da gudun kada in ɓata masa lokaci. A hanyar komawa gida yarinyar nan nake ta tunawa. In babba zai yi haka, ina ga yaron da iyayensa ke jiran sakamako?

Ranar farko kada ki koyar da sabon abu. Ki duba littattafansu na makaranta, ki ba su aiki kaɗan daga mai sauƙi zuwa mai ɗan wuya, ki lura da inda hannunsu ke tsayawa, ki rubuta a naki littafin. Ki faɗa mini shekarunsu da darasin da za ki ɗauka, in turo miki irin tambayoyin da nake buɗe zama da su.