Me ya sa menu ɗina na DOS yake kai ni wuri ɗaya ko wace lamba na danna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar kwamfuta mai MS-DOS 6.22. Na rubuta fayil ɗin BAT da zai nuna mini zaɓi uku: 1 ya buɗe manhajar rubutu, 2 ya buɗe wasa, 3 ya fita. Na sa CHOICE, sannan na jera IF ERRORLEVEL 1, 2, 3 a ƙarƙashinsa. Amma ko wace lamba na danna, manhajar rubutun ce ke buɗewa. Kibod ɗin ne ya samu matsala? Kuma kafin a samu CHOICE, yaya mutane suke yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kibod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kada ka kashe kuɗi a kan sabo. Matsalar tana cikin yadda ka jera layukan IF.

Fayil ɗin BAT, wato jerin umarnin DOS da aka rubuta a fayil guda, ba ya jin kibod da kansa. COMMAND.COM, wanda ke karanta shi layi bayan layi, ba shi da wani umarni na cikin gida da zai ce masa ga maɓallin da aka danna. PAUSE yana jira a taɓa wani maɓalli, amma ba ya faɗin wanne ne. Saboda haka dole a aiki wata ƙaramar manhaja ta tsaya ta saurara, in ta gama ta bar wata lamba tsakanin 0 da 255. Wannan lambar ce ERRORLEVEL, kuma aikin CHOICE ke nan gaba ɗaya.

To, ga inda ka faɗa. IF ERRORLEVEL 1 ba ya nufin "idan lambar 1 ce". Yana nufin "idan lambar ta kai 1 ko ta wuce". Kamar a ce wa mai tsaron ƙofa ya shigar da duk wanda ya kai shekara ɗaya: ɗan shekara biyu zai shige, dattijo ma zai shige. Da ka danna 3, layinka na farko ya duba ya ga 3 ta wuce 1, sai GOTO ya yi tsalle da kai zuwa manhajar rubutu, sauran layukan biyu ko kallonsu ba a yi ba. An tsara shi haka ne domin tun asali lambar ta kurakurai ce: 0 na nufin komai ya tafi daidai, abin da ya haura kuwa an samu cikas, don haka layi guda ya isa ya kama su duka. Masu rubuta menu aron ta kawai suka yi.

Maganin shi ne ka fara daga babbar lamba ka gangaro:

@ECHO OFF
:MENU
CLS
ECHO 1. Rubutu
ECHO 2. Wasa
ECHO 3. Fita
CHOICE /C:123 /N Zabi lamba:
IF ERRORLEVEL 3 GOTO FITA
IF ERRORLEVEL 2 GOTO WASA
IF ERRORLEVEL 1 GOTO RUBUTU
GOTO FITA
:RUBUTU
EDIT
GOTO MENU
:WASA
CALL WASA.BAT
GOTO MENU
:FITA

Ka lura da GOTO MENU da ke ƙarshen kowane sashe. In ka manta shi, DOS ba zai tsaya don ya ga sunan sabon sashe irin :WASA ba, zai zarce cikin sashen da ke ƙasa, sai ka ga kana rufe manhajar rubutu wasa ya taso. CALL ɗin ma ba ado ba ne. Idan ka kira wani fayil ɗin BAT da sunansa kawai, ya tafi ke nan, ba zai dawo da kai menu ba. GOTO FITA da ke bayan layukan IF kuwa don wanda ya danna Ctrl+C ne, domin a lokacin CHOICE yana barin 0.

Wani abin da ke ruɗa mutane: lambar da CHOICE ke bayarwa matsayin maɓallin ne a cikin jerin, ba abin da aka rubuta a jikinsa ba. A /C:123 an yi dace ne kawai suka zo ɗaya. Da ka rubuta /C:RWF, R zai ba da 1, W ya ba da 2, F ya ba da 3. Maɓallin da ba ya cikin jerin, ƙara kawai zai yi maka ya ci gaba da jira. Idan kuma daga AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da DOS ke gudanarwa da kansa in an kunna kwamfuta, kake kiran menu ɗin, ina ba ka shawara ka ƙara /T:3,10, wato in an yi daƙiƙa 10 ba a taɓa komai ba ya zaɓi 3 da kansa, kada kwamfuta ta wuni tana jiran wanda ba ya nan.

Tambayarka ta biyu ta fi daɗi. DOS ya fito a 1981, IF da GOTO da ERRORLEVEL suka zo da siga ta 2.0 a 1983, amma Microsoft bai saka CHOICE ba sai a MS-DOS 6.0 a 1993. Shekara goma ke nan ana da hanyar yin reshe ba a da hanyar yin tambaya.

Dabarar da ta fi sauƙi ba ta karanta kibod ko kaɗan. Sai a buga menu a kan allo, fayil ɗin ya ƙare, DOS ya koma jiran umarni. A gefe an ajiye fayiloli masu suna 1.BAT, 2.BAT, 3.BAT. Mai amfani ya rubuta 2 ya danna Enter, shi a ganinsa zaɓi ya yi, alhali umarni ya bayar. Kowane fayil in ya gama sai ya sake buga menu ɗin. Har yau ina ganin wannan dabara ce mai kyau, sai dai duk wanda ya ga dama zai iya rubuta wani umarnin daban a wurin.

Masu Norton Utilities, wani tarin ƙananan manhajojin taimako, suna da ASK, wanda daga baya ya koma BE ASK, masu 4DOS, wato madadin COMMAND.COM, kuma suna da INKEY. Sauran jama'a da kansu suke ƙera tasu manhajar da DEBUG, wata manhajar DOS da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye da ita, kuma layi huɗu ne kacal, bayit 8 gaba ɗaya:

MOV AH,08
INT 21
MOV AH,4C
INT 21

Biyun farko suna roƙon DOS ya jira maɓalli ɗaya ba tare da nuna shi a allo ba, ya ajiye lambarsa a AL, wata ƙaramar ma'ajiya a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Biyun ƙarshe suna rufe manhajar, abin da ke cikin AL ya zama ERRORLEVEL. A nan lambar ASCII, wato lambar da kwamfuta ta ware wa kowane harafi, ce ke dawowa: maɓallin 1 yana ba da 49, 2 ya ba da 50, babban A 65, ƙaramin a 97, Esc 27. Tunda ba mai tace maɓallan da ba a so, sai an killace kowace lamba sama da ƙasa, kamar IF ERRORLEVEL 49 IF NOT ERRORLEVEL 50 GOTO RUBUTU, sannan a ƙarshe a mayar da mutum menu in bai dace da ko ɗaya ba. Tana da wani aibi kuma. Maɓallan kibiya da su F1 lambobi biyu suke aikawa, 0 da farko sannan ta biyu. Manhajar ta ɗauki 0 ta fita, ta biyun tana nan a ajiye, zagaye na gaba sai a karanta ta kamar an danna wani abu. Kibiyar sama tana barin 72, wato daidai da babban H. Shi ya sa waɗanda suka ƙware suke ƙara gwaji: in aka ga 0, a sake karantawa.

Kai da kake da 6.22 ba ka buƙatar wannan wahala. In ma abin da kake so shi ne zaɓi tun lokacin kunna kwamfuta, CONFIG.SYS, fayil ɗin saituna da DOS ke karantawa in ya tashi, a wannan sigar yana da nasa menu ta hanyar MENUITEM, kuma sunan abin da ka zaɓa yana shiga %CONFIG%, sai ka rubuta GOTO %CONFIG% a AUTOEXEC.BAT. Idan wata rana ka kwashi fayil ɗin zuwa Windows na zamani, ka gyara layin CHOICE, domin can rubutun ya koma CHOICE /C 123 /T 10 /D 3 /M "Zabi lamba". Layukan IF ERRORLEVEL kuwa ka bar su yadda suke, daga babba zuwa ƙarami.