Faɗuwa da Kurar Kaya a Bakin Aiki: Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

TAMBAYA: Malam, ni lebura ne a wani sito a Kano. Ina saukowa gangara da kura cike da buhunan siminti, ina tafiya da baya, sai ƙafata ta zame na faɗi, tayar ta taka mini idon sawu. Maigidan wurin ya ce sakacina ne, don haka maganin yana wuyana. Shin haka ne?

AMSA: Allah ya ba ka lafiya. Ba haka doka ta ce ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke kula da shi, kuma ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashinka. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi, kuma abin da take dubawa shi ne ko raunin ya same ka a bakin aiki, ba wai wa ke da laifi ba. Ka sanar da maigidan cikin kwana 14, zai fi kyau a rubuce, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Idan bai yi rajista da hukumar ba, kamar yadda masu sito da dama ba su yi ba, ka garzaya ofishin hukumar da kanka.

Batun sakaci kuwa, a ganina an yi gaggawar ɗora maka shi. Buhun siminti kilo 50 ne, saboda haka buhu 10 rabin tan ke nan, kuma ba wanda zai iya tare wannan nauyi da ƙirjinsa a kan gangara alhali kurar ba ta da birki. Mai saukar da kaya yana tsayawa ne ta saman gangara, kayan na ƙasa da shi, yana ganin inda zai taka. Garin simintin da ya zube a daɓe yana sa santsi, balle ga mai silifa, sannan share wurin, gyaran taya da rage lodi duk haƙƙin mai sito ne.

Kafin ka je wurin mai ɗori, a ɗauki hoton ƙashin a asibiti, domin tsagewar ƙashi takan yi kama da targaɗe, kuma takardar likita ce hujjarka wajen neman diyya.