Amaryar Ailan da ƙarfen kofaton doki

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa amarya a ƙasar Ailan (Ireland) ke riƙe ƙarfen kofaton doki ranar biki. Camfi ne na neman sa'a: ana riƙe shi bakinsa na kallon sama, wai kada sa'ar ta zube. Yanzu ƙarami ake saƙalawa cikin furannin hannunta.

Mutanen da a can suna tsoron aljanu su sace amarya, shi ya sa in tana rawa ba ta ɗaga ƙafafunta biyu daga ƙasa lokaci guda. Suna kuma gudun ɗaura aure a watan Mayu. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne zoben Claddagh na birnin Galway da ke can Ailan: hannu biyu riƙe da zuciya mai kambi, wato abota, ƙauna da riƙon amana.