Amsa ga ƙanwarmu da aka gayyata kallon rawar bale a Rasha

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce 'yan ajinku a San Pitasbag sun saya miki tikitin rawar bale a gidan wasa na Mariinsky, za a yi Swan Lake, kina tambaya ko za ki fahimci wani abu, da abin da za ki saka, da kuma ko wurin zuwanki ne. Shekara shida na yi karatu a garin nan kafin na dawo Gombe, kuma na shiga kallon bale ba sau ɗaya ba.

Kafin komai, ki karanta labarin wasan tun kina ɗaki. Daga farko har ƙarshe, kusan awa uku, babu mai buɗe baki ya ce uffan, babu waƙa, sai kiɗa da motsin jiki. Zuwana na farko, a wani ƙaramin gidan wasa, ban san haka ba, na yi ta jiran a fara magana har aka tashi. Kin san idan makaɗi ya saki taken wani a kalangu, wanda ya san taken kalmomi yake ji tar, baƙo kuwa ganga kawai yake ji. To haka bale take. Hannu a ƙirji so ne. Yatsu biyu a ɗaga sama rantsuwa ce. A dunƙule hannuwa a gicciye su ƙasa, mutuwa ake nufi.

Labarin kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yake wajen sauƙi. Wani matsafi ya mayar da budurwa, Odette, tsuntsuwar ruwa fara mai dogon wuya, ba ta komawa mutum sai da dare, kuma ba abin da zai karya asirin sai alkawarin saurayi mai gaskiya. Yarima ya gan ta a bakin tafki ya yi alkawari. Sai matsafin ya kawo 'yarsa Odile fada cikin baƙaƙen kaya, da kamannin Odette, yarima ya rantse mata. Mace ɗaya ce take fitowa a matsayin su biyun, kuma a nan gwanintar take: ƙafafu ɗaya, fuska ɗaya, amma da ganin yadda take karya wuya da kafaɗa kin san wannan mai kunya ce, waccan mayaudariya. Idan baƙar ta tsaya a ƙafa ɗaya ta fara juyawa kamar katantanwa, ki ƙirga, sau 32 ne. Ranar da na fara gani da idona ban san lokacin da na riƙe numfashi ba. Takalmin da masu rawar suke tsayawa a kan tsininsa ba katako ba ne, yadi ne da gam aka jera har ya yi tauri, kuma tun suna 'yan shekara goma suke shiga makarantar koyon rawar. Kiɗan na Tchaikovsky ne, wani mai tsara kiɗa ɗan Rasha, an fara nuna wasan a Mosko a 1877.

Ki duba tikitinki da kyau, domin a Mariinsky akwai tsohon gini na 1860, akwai sabo da aka buɗe a 2013 a tsallaken ruwa, mutane na ruɗewa. Ana kaɗa ƙararrawa sau uku, bayan ta uku an rufe ƙofa. Rigar sanyi dole ki ajiye ta wurin masu karɓar kaya, su ba ki lamba. In za ki ratsa layi zuwa kujerarki ki fuskanci na zaune, ba su baya rashin ladabi ne a wurinsu. Waya a kashe. Wajen tafa hannu kuwa ki bi jama'a. Atamfarki ko leshi da mayafi sun wadatar, ni da su nake zuwa, sai dai ki rage tsawon ɗaurin ɗankwali saboda na bayanki.

Maganar ko ya dace, ba zan yi miki rufa-rufa ba. Kayan masu rawar matsattsu ne, na mata gajeru, namiji yana riƙe mace yana ɗaga ta sama, kuma a lokacin hutu ana sayar da giya a waje tare da shayi da burodi. Akwai 'yan uwanmu da muka yi karatu tare da ba su taɓa taka wurin ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni abin da ya riƙa mayar da ni shi ne ganin mata sama da ashirin suna ɗaga hannu lokaci guda kamar mutum ɗaya, da tunanin shekarun horon da ke bayan hakan. Fatawa ba tawa ba ce, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki gode wa ƙawayenki ki ba su uzuri, za su fahimta. In kuma za ki je, yawanci ƙarfe bakwai na yamma ake farawa, kuma yanzu da hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, don haka ki yi magariba da isha'i a ɗaki kafin ki fita.