Tambaya da Amsa: Ibuprofen da prednisolone, ba duk maganin kumburi ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, mai kemis ɗin unguwarmu ya haɗa mata ibuprofen da prednisolone, wata uku ke nan tana sha. Ƙanena da ke karatun jinya ya ce prednisolone ɗin ya fi haɗari. Ba aikinsu ɗaya ba ne? Daga wata 'yar'uwa a Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Ƙanenki yana da gaskiya.

Cikin sojojin garkuwar jiki akwai wani tantani, wato ƙwayar halitta, da ake kira makrofej. Idan ya ji alamar ƙwayar cuta ko rauni, sai ya shiga ƙera wani sinadari mai suna COX-2, wanda aka gano a 1991. Shi ke samar da furostagilandin, mai jawo zogi da kumburi da zazzaɓi. Lokacin da lafiya lau ake, ƙwayar gadon da ke ɗauke da bayanin ƙera COX-2 kusan a kashe take, sai an kunna ta.

Masu kunnawar wasu furotin ne da ke hawa kan DNA, zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansa, daf da farkon ƙwayar gadon. Babbansu shi ne NF-kB, wanda Ranjan Sen da David Baltimore suka gano a Amurka a 1986. Abin da ke burge ni da shi, kullum a shirye yake, ɗaure shi kawai aka yi. Wani furotin, IkB, ke riƙe da shi a wajen cibiyar tantanin, wadda DNA ke cikinta. Da saƙon haɗari ya iso sai a farfasa IkB, cikin mintuna NF-kB ya faɗa cibiyar, ya haɗu da abokan aikinsa irin su AP-1 da CREB, a fara kwafar bayanin. Kuma cikin abin da yake kunnawa har da ƙwayar gadon IkB ɗin kansa, wato da hannunsa yake samar da wanda zai sake ɗaure shi. Haka kumburin mai lafiya ke lafawa.

To, ibuprofen ba ruwansa da duk wannan. Hannun ma'aikacin da ya riga ya fito aiki, wato COX-2, yake riƙewa, prednisolone kuwa ofishin ɗaukar ma'aikatan yake zuwa ya kulle. Yana danne NF-kB da AP-1, alhali ba COX-2 kaɗai suke kunnawa ba, ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne, da yawansu na yaƙi da cuta. Shi ya sa yake kwantar da kumburi sosai, garkuwa kuma ta yi rauni. Ga tashin suga da hawan jini, ga lalacewar ƙashi, ga kumburin fuska da wasu ke ɗauka ƙiba ce. (Masu shan dexamethasone, ɗan'uwan prednisolone, don su yi jiki, ku ma da ku nake.)

Ibuprofen ma ba kanwar lasa ba ne, domin yana toshe COX-1 mai kare bangon ciki. Haɗa biyun ga dattijuwa yana ƙara haɗarin olsa da zubar jini a ciki, ni dai ban yarda a yi shi a kan kanta ba.

Amma kada Mama ta daina prednisolone farat ɗaya. Bayan wata uku, jikinta ya rage samar da nasa sinadarin kotizol, wanda prednisolone ke kwaikwayo, yankewa kwatsam na iya kayar da ita. Ku kai ta asibiti da kwalayen maganin a hannu, a auna suga da jini, likita ya rage mata shi sannu a hankali. Idan kuma bayan gidanta ya koma baƙi, alamar zubar jini a ciki, a ranar za ku tafi.